Kwamfiresar iska a jikin motar shiga daji

Kwamfiresar iska ta jikin mota na'ura ce da ake ɗaure wa mota dindindin, tana zuƙo iska daga waje ta matse ta, a ba tayoyi ko a yi wani aikin da ita. An fi ganinta a motoci masu jan ƙafa huɗu da ke barin kwalta su shiga rairayi, taɓo ko duwatsu. Bambancinta da ƙaramin famfon da ake ajiyewa a but shi ne tana da wayoyinta da tiyonta da makunninta, wani lokaci har da tanki, duk a haɗe da motar.

Dalilin saka ta

Direban da zai shiga yashi yakan rage iskar tayoyinsa da gangan. Tayar da ke tafiya a kan kwalta da psi 32 zuwa 35 (psi ma'aunin matsin iska ne) akan sauke ta zuwa 15 ko 20, sai ta baje, fatarta ta ƙara kama ƙasa, motar ta riƙa bi ta saman rairayi maimakon ta tona wa kanta rami. A kan dutse kuma taya mai laushi tana naɗe dutsen, ba ta zamewa. Matsalar tana zuwa ne in an dawo kwalta: taya maras iska in ta yi gudu gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa ba hutu, ta yi zafi, tana iya fashewa. Dole a mayar mata da iskarta a bakin titi, inda sau da yawa babu mai faci ko kusa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Motar sojan Amurka mai shiga ruwa, DUKW, ta zamanin yaƙin duniya na biyu, tana da tsarin da direba ke rage iska ko ya ƙara daga mazauninsa. Ban da cika taya, ana kuma amfani da iskar kwamfiresa wajen kulle aksul don ƙafafun biyu su juya tare, kamar na'urar Air Locker ta kamfanin ARB na Ostireliya, da hura ƙura daga matatar iska, da oda mai iska.

Iri-irinta

Wadda ta fi yawa ita ce mai aiki da lantarkin batir, bolt 12, ko 24 a manyan motoci. Akwai wadda injin mota ke juyawa da fambel. An daɗe ana ɗauko tsohuwar kwamfiresar na'urar sanyaya mota samfurin York 210 a mayar da ita ta iska, saboda tana da wurin ajiye bakin manta daban. Tana ba da iska sosai, amma tana buƙatar ƙera mata mazauni a jikin injin da matatar da za ta tace man da ke biyo iskar. Wasu kuma tulun gas ɗin CO2 suke ɗauka, mai saurin cika taya, sai dai in ya ƙare ya ƙare.

Abu biyu ake dubawa kafin saye. Na farko yawan iskar da take bayarwa a minti ɗaya, da lita ko da ma'aunin Turawa da ake rubutawa CFM. A nan masu sayarwa sukan buga adadin da aka auna babu matsi ko kaɗan, alhali abin da ya shafi taya shi ne adadin a wajen psi 30. Na biyu juriyarta: wadda aka rubuta wa kashi 33 cikin ɗari, kashi ɗaya cikin uku na lokaci take aiki, sauran ta huta ta huce. Mai kashi 100 ba ta buƙatar hutu. Ga mai manyan tayoyi huɗu, wannan adadin ya fi ƙarfin matsin da ke rubuce a kwali muhimmanci.

Yadda ake ɗaura ta

Zaɓen wuri shi ne rabin aikin. Ƙarƙashin bonet yana kusa da batir, waya ba ta yin tsawo, amma zafin inji yana rage mata juriya. Ƙarƙashin kujera ko cikin but akwai tsabta da sanyi, sai dai ƙara. Ƙarƙashin mota kuwa ruwa ne da laka. Duk inda aka sa ta, a nesanta ta da salansa, a ɗaure ta a ƙarfe mai ƙwari kan robobin da ke shanye girgiza, a kuma jawo bakin zuƙar iskarta da tiyo zuwa wuri mai tsayi, busasshe. Ƙura in ta shiga ciki, zoben fistin take ci.

Wajen waya ne aka fi samun kuskure. Kwamfiresa mai silinda ɗaya tana iya jan amfiya 20 zuwa 30, tagwaye kuma su wuce 50. Soket ɗin kunna sigari ba zai ɗauki wannan ba. Ana jawo waya mai kauri kai tsaye daga batir, a sa fis dab da kan batirin, domin in waya ta goge a jikin ƙarfe fis ɗin ya ƙone kafin motar ta kama. Makunnin da ke gaban direba rile kawai yake tayarwa, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, rilen ne ke ɗaukar nauyin wutar. Siririyar waya, ko wayar da ke mayar da wuta ta jikin ƙarfen mota in an ɗaure ta a kan fenti, tana sa wuta ta ragu a hanya, sai a ji na'urar tana gurnani, a ɗora mata laifi alhali lafiyarta ƙalau. Akan bar injin a kunne lokacin aiki don kada batir ya mutu.

Iskar da ke fitowa daga bakin kwamfiresa tana da zafin da zai ƙona hannu, shi ya sa tiyon farko yake zama mai saƙar ƙarfe. Na roba zai yi laushi ya fashe. Daga nan sai bawul mai hana iska komawa baya, sannan tanki in akwai shi. A jikin tankin ake sa makunnin matsi mai kashe na'urar da kansa, misali ya kunna a psi 110 ya kashe a 145, da bawul ɗin tsaro mai sakin iska in makunnin ya gaza, da ƙaramin famfon zubar da ruwa a can ƙasa. Ruwan daga raɓar iskar da aka matse yake taruwa, in ba a zubar ba tankin ƙarfe zai yi tsatsa ta ciki.

Tankin kansa ana yawan kai shi inda bai kai ba. Tanki mai lita 10 a matsin bar 10, wato kusan psi 145, iskar da ke cikinsa ba ta wuce kimanin lita 100 in an sake ta, da ƙyar ta mayar da babbar taya ɗaya. Amfaninsa yana wajen aikin da ke son iska mai yawa farat ɗaya, kamar zaunar da bakin tayar da ta zame daga rim.

In an gama haɗawa sai a cika tsarin, a kashe, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Inda kumfa ya taso nan ne iska ke sacewa: a kwance, a sake naɗa farin tef ɗin zare, a ɗaure. A bar motar ta kwana, da safe a duba ko allurar gejin auna matsi ta sauka.