Waiwaye kan taƙaddamar masoya shirin Corazón salvaje

Cikin wasannin kwaikwayo masu dogon zango da kamfanin Televisa na ƙasar Meziko ya shirya da Sifaniyanci, kaɗan ne suka daɗe a bakin masu kallo kamar Corazón salvaje na 1993, wanda aka gina labarinsa a kan rayuwar masu gandaye da 'yan jirgin ruwa a wajajen shekarar 1900. An fara nuna shi a watan Yulin 1993, aka kammala a watan Fabrairun 1994, amma har yanzu masoyansa a Meziko da Italiya da sauran ƙasashen da aka haska shi ba su daina jayayya a kan mutum huɗun da labarin ya rataya a wuyansu ba. Wanda ya tsinci wannan jayayya daga tsakiya zai ɗauka gardama ce kawai ta wane jarumi ya fi wane kyau, alhali tana da tushe da ya girmi shirin kansa da kusan shekara 40.

Labarin na Caridad Bravo Adams ne, marubuciyar da aka haifa a garin Villahermosa na Meziko a 1908, iyayenta 'yan Kyuba, ta kuma yi suna da rubuta wasannin rediyo kafin talabijin ta karɓe kasuwa. Littafin ya fito a 1957, kuma ba a Meziko ta ajiye mutanenta ba, a tsibirin Martinik ta ajiye su, wanda ke ƙarƙashin Faransa, domin ta kai su ga bala'in da ya auku da gaske a ranar 8 ga Mayun 1902, lokacin da dutsen Pelée ya yi aman wuta ya shafe birnin Saint-Pierre da mutane kusan dubu 28. Ƙashin bayan labarin bai da wuyar faɗa. Wani attajiri mai gandu ya haifi ɗa da matar wani, yaron ya tashi a wulaƙance ba tare da sunan uba ba, har mutanen gari suka laƙaba masa Juan del Diablo, wato Juan na Shaiɗan. Attajirin yana da wani ɗan na aure, wanda shi ne magaji. Sai kuma 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, 'ya'yan gidan sarautar da arzikinsa ya karye: Mónica mai kamun kai da ibada, wadda aka yi wa baiko da magajin tun suna yara, da Aimée mai rawar kai, wadda ta ƙwace mata shi, alhali a ɓoye tana tare da Juan.

An mayar da wannan labari fim a 1956, tun kafin littafin ya fito, da kuma 1968, aka kuma yi shi wasan talabijin a 1966 da 1977. A na 1966 Enrique Lizalde ne ya fito a matsayin Juan, Julissa ta zama Mónica, Jacqueline Andere ta zama Aimée. Angélica María kuwa sau biyu ta taka rawar Mónica, a fim ɗin 1968 tare da Julio Alemán, da kuma shirin 1977 tare da Martín Cortés. A kan waɗannan ba a samu wata babbar ɓaraka tsakanin masu karatu da masu kallo ba.

Ɓarakar ta zo ne a 1993, shekara uku bayan rasuwar Bravo Adams, lokacin da furodusa José Rendón ya danƙa wa María Zarattini aikin sake rubuta labarin. Ta ɗauke shi daga Martinik ta kawo shi gaɓar teku a Meziko a zamanin mulkin shugaba Porfirio Díaz, ta sauya sunayen dangi na Faransanci da na Sifaniyanci, magajin da ake kira Renato ya koma Andrés Alcázar, 'yan matan gidan Molnar suka koma na Altamira, jirgin Juan da ake kira Luzbel ya koma Satán, aman wutar dutse kuma ya koma girgizar ƙasa. Amma sauyin da ya fi kowanne nauyi shi ne na halin Juan. Eduardo Palomo ya fito da dogon gashi da 'yar farar riga buɗaɗɗiyar ƙirji, yana fasa-ƙwauri a bakin teku, yana da zafin zuciya da kaifin harshe, duk da haka shi ne mai tattara marayu da waɗanda gari ya yasar yana ba su mafaka. Ba ya ɗaga murya sai ya zama dole, kuma idan ya kira Mónica da "Santa Mónica", wato waliyyiya Mónica, da farko ba'a ce yake yi mata saboda ta gudu gidan mata masu zuhudu na cocin Katolika don ɓoye kunyar an fasa aurenta, daga baya sai sunan ya zama na tausayi da ƙauna ba tare da an sanar da mai kallo ranar da ya juya ba. Wannan laƙabi shi ne abin da masoya shirin suka fi maimaitawa a tsakaninsu.

Daga nan masu son littafin suka ware gefe. Hujjarsu ita ce an tausasa Juan fiye da kima, an cire masa ƙayar da ta sa sunansa ya dace da shi, sannan an raba labarin da dutsen Pelée, wanda a ganinsu shi ne alƙalin da ya daidaita mai gandu da ɗan tasha a rana ɗaya. Masu son shirin 1993 suka ce sam, wai Zarattini ta gyara ne abin da ba zai shiga ran mai kallon zamaninta ba, domin a littafin an tilasta auren ne Juan ya ɗauki Mónica ya tafi da ita cikin jirgi tana ƙinsa, a shirin kuwa an bar mata gurbin zaɓi: Andrés ya ji ƙishin-ƙishin cewa Juan yana da alaƙa da wata 'yar gidan Altamira, ya zaci Mónica ce, ita kuma ta amince ta ɗauki laifin da ba nata ba don kada a zubar da jini kuma kada asirin 'yar'uwarta ya tonu. A nawa ganin ɓangare na biyu ya fi ƙarfin hujja a kan Mónica, na farko kuma ya fi gaskiya a kan ƙarshen labarin, saboda girgizar ƙasar da aka kawo ba ta da nauyin bala'in da tarihi ya riga ya shaida, ta zo ne kawai don a sami hanyar sasanta 'yan'uwa biyu.

Kasuwa dai ta bi ɓangare na biyu. A bikin kyaututtukan TVyNovelas na 1994 shirin ya lashe kyautar wasan da ya fi kowanne, Palomo da Edith González, wadda ta fito a Mónica, suka karɓi na manyan jarumai. A Italiya tashar Rete 4 ta nuna shi da sunan Cuore selvaggio, aka sauya wa Mónica suna zuwa Beatrice, Aimée kuma zuwa Anna, ya kuma samu karɓuwar da ta sa har yau Italiyawa suna cikin masu riƙe da shi da hannu bibbiyu. Wani abin da tsofaffin masu kallo suka yaba shi ne dawo da Enrique Lizalde, Juan ɗin 1966, a matsayin lauya Noel Mancera, dattijon da ya tsaya wa Juan tun yana yaro har ya yi masa tayin sunansa.

Batun sunan nan shi ne zuciyar labarin, ko da yake soyayya ta fi ɗaukar hankali. Uban Juan ya rubuta wasiƙar amincewa da shi a matsayin ɗa, ya faɗi daga kan doki ya mutu kafin ta isa hannun lauya, matarsa Sofía ta ɓoye ta, ta kori yaron daga gandun Campo Real. Duk wata masifa da ta biyo baya daga wannan takarda ta taso. Aimée ba ta ƙi Juan don ba ta son sa ba, ta ƙi shi ne don ba shi da sunan da za ta shiga taro da shi, kuma a Meziko ta wancan zamani 'yar gidan da ya talauce ba ta da wata hanyar tsira da ta wuce auren mai gandu.

A kan wannan gaɓa ce muhawarar ta fi sauya fuska da tafiyar shekaru. Masu kallon farko sun yanke wa Aimée hukunci ba tare da dogon nazari ba: maƙaryaciya ce, maciya amanar miji da 'yar'uwa, kuma faɗuwar da ta yi daga kan doki ta mutu sakayya ce. Daga baya aka samu masu cewa a dakata. Ana Colchero ta taka rawar da wata irin walwala da ta sa da wuya a tsane ta gaba ɗaya, kuma masu kare ta suna tambaya me ya sa labarin ya yafe wa Juan fasa-ƙwauri da neman mata, ya yafe wa uban da ya haifi ɗa a waje, amma mace ɗaya tilo da ta bi son ranta ita ce aka kashe. Masu sukarta suna amsawa da cewa ba sha'awarta ce ta kashe ta ba, ƙaryar da ta bari 'yar'uwarta ta ɗauka ce, kuma wannan amsa tana da nauyi, domin Aimée ta sami dama fiye da ɗaya ta faɗi gaskiya ta zaɓi yin shiru. Andrés, wanda Ariel López Padilla ya fito a matsayinsa, shi ma ya sami masu tausaya masa, tun da uwarsa da matarsa da matar da ya fasa aure duk sun ɓoye masa abu ɗaya, sai dai abin da ya aikata bayan ya gano gaskiya, na haɗa baki da miyagu a jefa ɗan'uwansa kurkuku da neman dawo da Mónica da ƙarfin tsiya, ya rage masa magoya baya ƙwarai.

Mutuwar Palomo ta ƙara wa al'amarin wani nauyi. Ya rasu a Los Angeles ranar 6 ga Nuwamban 2003 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 41, kuma tun daga lokacin sukar Juan ɗinsa ta zama abin da masoya ba sa ɗauka da sauƙi. Shi ya sa da Televisa ta sake shirya labarin a 2009 ƙarƙashin furodusa Salvador Mejía, an riga an ɗaure masa fuska kafin a ga kashi na farko. Shirin kuma bai taimaki kansa ba. An gauraya labarin da wani daban mai suna Yo compro esa mujer, aka mayar da shi Veracruz, aka ba Eduardo Yáñez, wanda a lokacin yake dab da shekara 50, rawar Juan, sannan aka mayar da 'yan matan tagwaye, Regina da Aimée, Aracely Arámbula ta fito a duka biyun. Wannan dabara ta tagwaye ta rushe abin da ya riƙe tsohon shirin, domin idan fuskar ɗaya ce, sauyawar zuciyar Juan daga wannan zuwa waccan ba ta da sauran abin mamaki. Bai samu masu kallo yadda aka sa rai ba, ya ƙare a watan Afrilun 2010, kuma abin dariya shi ne ya haɗa kan masu littafi da masu shirin 1993 a karon farko, kowa yana kushe shi da dalilinsa.

Edith González ta rasu ranar 13 ga Yunin 2019 bayan fama da sankarar ƙwan mahaifa, tana da shekara 54, Lizalde kuma ya riga ta a 2013. Colchero ta bar fitowa a talabijin bayan shari'ar da ta yi da tashar talabijin ta TV Azteca a kan kwantiraginta, ta koma rubuta littattafai. Masu kallon da ke tarar da shirin yanzu a intanet, da yawansu ba a haife su ba lokacin da aka fara nuna shi, suna zuwa da tambayoyin da na farko ba su yi ba, musamman a kan kishin Juan da yadda yake tuhumar Mónica bayan aure duk lokacin da sunan Andrés ya fito, abin da a 1993 aka ɗauka alamar tsananin so ce. Tsofaffin masoya suna kare shi da cewa mutumin da aka yi wa ƙarya tun daga ranar haihuwarsa ba zai yarda da kowa cikin sauƙi ba, sababbin kuma suna cewa wannan dalili ne, ba uzuri ba, kuma Mónica ce ta biya kuɗin laifin Sofía da na Aimée a gidan aurenta.