Ba Duk Gas ɗin Rukuni na 18 Ne Ke da Ilektron Takwas Ba

Ɗalibai da yawa a makarantun Jos sun haddace cewa gas-gas ɗin rukuni na 18 na jadawalin sinadarai duk suna da ilektron takwas a ɓawonsu na waje (ɓawo shi ne matakin da ilektron ke zama a kewayen tsakiyar zarra), shi ya sa ba sa haɗuwa da komai. Ba laifin kowa ba ne, an taƙaita darasin ne don sauƙin hadda.

Ku buɗe jadawalin sinadarai, ku duba lambar zarra, ku raba ilektron ɗin ɓawo-ɓawo. Hiliyam mai lamba 2, wanda ake hura balan-balan da shi, biyu kacal gare shi, domin ɓawon farko ba ya ɗaukar fiye da haka. Niyon 2, 8. Agon, wanda masu walda ke kare narkakken ƙarfe da shi, 2, 8, 8. To a nan gizo ke saƙar: ɓawo na uku na iya ɗaukar 18, don haka na agon bai cika maƙil ba. Ƙananan sassan ɓawon guda biyu, waɗanda ake kira s da p, ne suka cika, kuma wannan ne ke sa shi zama lafiya.

Batun rashin haɗuwa kuwa, tun 1962 aka haɗa zenon, wanda shi ma ɗan rukuni na 18 ne, da wasu sinadarai. Zenon 2, 8, 18, 18, 8 ne. Ilektron ɗinsa na waje sun yi nisa da tsakiyar zarra, riƙon ya yi sako-sako, sai fulorin, sarkin kwaɗayin ilektron, ya samu shiga. XeF2 da XeF4, wato haɗin zenon da fulorin, daskararru ne marasa launi.

A tura wa ɗalibai da malamai, musamman masu shirin jarrabawa.