Tantance tsohuwar mota kafin saye a Bauchi da Gombe

Tantance tsohuwar mota shi ne binciken da mai saye yake yi, galibi tare da bakanikensa, don gane ko motar da ta ci dogon zango tana da sauran ƙarfi. A Bauchi da Gombe yawancin motocin da ke canza hannu na hannu ne: ko dai 'yan Kwatano da suka shigo daga Turai da Amurka, ko waɗanda suka riga suka yi aiki a cikin gida.

Tarihi

A shekarun 1970 sabuwar mota ba ta fi ƙarfin babban ma'aikaci ba. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma ƙirar 504 ta zama motar gwamnati da ta haya a Arewa. A Bauchi ma an kafa masana'antar Steyr wajen ƙarshen shekarun 1970, tana haɗa manyan motoci da taraktoci. A lokacin, mai sayen tsohuwar 504 yakan san wanda ya hau ta da garejin da ake kai ta, don haka tambaya kaɗai takan isa.

Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta yi tsada, sai kasuwa ta koma ga motocin da aka yi amfani da su a waje. Da yawa sun riƙa sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Jamhuriyar Benin, a tuƙo su zuwa Arewa. Daga nan ne tarihin mota ya ɓace wa mai saye, aikin bakanike da na dillali ya ƙara nauyi. A farkon 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Lambar zango

Lambar da ke kan allon direba, mai nuna nisan tafiyar da mota ta yi, ita ce shaida mafi rauni, domin ana iya mayar da ita baya, har a na'urorin zamani. Motocin Amurka da mil suke ƙidaya, kuma mil ɗaya ya kai kusan kilomita 1.6, wato mil 150,000 ya haura kilomita 240,000. Masu sani sukan gwada lambar da yadda sitiyari da robar birki da kujerar direba suka ci. Motar da ta yi doguwar tafiya ana canza mata baƙin mai a kan kari ta fi wadda ta yi gajeren zango babu kulawa.

Inji da giya

Nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Ana so a tayar da inji da sanyin safiya, kafin mai mota ya ɗumama shi, domin ƙara da hayaƙi sukan ɓuya idan ya yi zafi. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nuna inji yana shan baƙin mai, sau da yawa saboda ringi, wato zoben da ke jikin fistan, ya mutu. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa alama ce ta ruwa yana shiga inji, haka ma idan aka ga baƙin mai ya koma kamar madara a murfinsa, ko lagireto yana tafarfasa. Baƙin hayaƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Man giya mai sarrafa kanta, idan ya yi baƙi yana warin ƙuna, to gyara mai tsada na tafe. Motocin Amurka daga 1996 suna da wurin da ake jona kwamfuta a karanta matsalolinsu.

Zagaye cikin gari bai isa gwaji ba. Zafin watan Maris da Afrilu a wannan yanki yana tona asirin injin da ke ɗaukar zafi, saboda haka a hau babbar hanya, kamar ta Bauchi zuwa Gombe ta Alkaleri, a kunna na'urar sanyaya ciki, a sa ido a kan allurar zafi.

Makanikai sun rabu a kan ko cire na'urar daidaita zafin ruwan inji yana maganin ɗaukar zafi. Masu ƙera motoci dai ba su yarda da cirewa ba.

Jiki

Ana duba ƙarƙashin mota don tsatsa da walda, da bambancin fenti, da warin laima da ke nuna ambaliya ta taɓa cinye ta. Lambobi huɗu a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta.

Takardu

Lambar casis mai haruffa da lambobi 17 dole ta yi daidai a jikin mota da takardar kwastam da ta mallaka. Motar da ta yi haya, irin Sharon da Golf da ke jigilar fasinja tsakanin garuruwa, ana tambayar tarihinta a tasha wajen direbobi. Dillali la'adarsa tana kan cinikin ya faɗa, shi ya sa mai saye yake zuwa da nasa bakanike, a kuma rubuta yarjejeniya gaban shaidu.