Baje kolin zane mai alƙalai a Katsina: tambayoyi da amsoshi

Duk sanda aka tada maganar haɗa masu zane na yankinmu, Katsina da Daura da Dutsin-Ma da Funtua har Jibiya, su baje aikinsu a wani zaure na al'umma, kuma aka ce sai alƙalai sun tantance kafin a rataya aikin mutum, tambayoyin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne. Ga su nan da amsar da nake bayarwa.

Wai meye bambancinsa da baje kolin da muka saba gani?

Wanda muka saba shine kowa ya kama rumfa ko tebur ya shimfiɗa kayansa, in dai ka biya kuɗin wuri shikenan ka shiga. Wannan ba haka yake ba. Masu shiryawa za su fidda sanarwa, su faɗi ranar rufe karɓa, da girman aikin da bangon zauren zai iya ɗauka, da guda nawa mutum ɗaya zai turo, da garuruwan da aka yarda su shiga. Kai kuma sai ka tura hoton aikinka. Daga nan mutum ɗaya ko uku da suka san harkar su zauna su bi su ɗaya bayan ɗaya, su ce wannan ya shiga wannan bai shiga ba, wani lokacin ma cikin waɗanda suka shiga a fidda na ɗaya da na biyu. Kuma abun ya daɗe a duniya, Royal Academy, cibiyar masu zane da ke Landan, tun 1769 take irin wannan duk shekara, kowa zai iya turawa amma kwamiti ke zaɓa. Nan gida Najeriya akwai bikin zane na Life In My City da ake yi a Enugu tun 2007, matasa ke tura aiki daga jihohi ana tacewa.

Su waye alƙalan, kuma me zai hana su zaɓi 'yan uwansu da yaransu?

Gaskiya wannan ita ce tambayar, sauran duk bayanta suke, don mun san garinmu, kowa ɗan uwan kowa ne, in ba ƙanen matarka bane to ɗalibinka ne ko kun haɗa unguwa, kuma da wuya dattijo ya kira ka ya ce dan Allah a duba min aikin yaron nan ka iya ce masa a'a kai tsaye. To maganin abun ba wai a nemo waliyyi a sa shi alƙali ba, tsari ake yi wanda zai rufe ƙofar alfarma tun farko. A cire sunan mai aiki, a ba kowane aiki lamba, in ya sa hannu a ƙasan zanen a rufe wurin a hoton da za a nuna wa alƙalai. Wanda ke riƙe da takardar sunaye kada ya zauna cikinsu. Cikin alƙalan a samu aƙalla ɗaya daga wajen jiha, ABU Zariya na nan kusa kuma sashen zanenta tsoho ne, a garin ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, tun makarantar bata zama jami'a ba. Sannan alƙali ba ya shigar da nasa aikin, in kuma ya gane hannun ɗalibinsa sai ya faɗa ya janye daga wannan, sauran su yanke. A sanar da sunayensu tun ranar da aka buɗe karɓa, kowa ya san wanda zai duba shi.

Mu da muka saba da musabaƙa ai bai kamata wannan ya zama baƙon abu ba, alaramma uku a zaune kowa da takardar makinsa, yaro ya karanta a ba shi abinda ya samu ko ɗan waye shi. Haka nake so a yi wa zane. Wallahi in aka yi shekara ɗaya kawai mutane suka ga na ɗaya ɗan gidan shugaban kwamiti ne, ko da ya cancanta, baɗi masu hannu na ƙwarai ba za su turo ba.

Me suke dubawa?

Hannu tukuna, wato mutum ya iya kayan aikinsa. In fensir ne ko gawayi inuwa ta zauna daidai, in fenti ne launi bai cakuɗe ya zama laka ba. Sai kuma ko aikin naka ne ko ka kwafo hoton wani daga Instagram, wanda alƙalin da ya san aikinsa yana gani zai gane. Sai na ƙarshe wanda mutane ke mantawa, shi alƙali bango gaba ɗaya yake haɗawa. In mutum goma suka turo hasumiyar Gobarau, ko rijiyar Kusugu, ko doki a hawan sallah, duk sun yi kyau, ba zai rataya goman ba. Ni da za a ji shawarata, wanda ya zana mai shayi a Ƙofar Ƙaura da asuba, ko 'yan tireda a bakin tasha, ya fi samun shiga akan wanda ya sake kawo hasumiyar da kowa ya kawo.

Baduku da mai zayyana da mai ƙwarya suna ciki, ko na 'yan boko ne kawai?

Suna ciki mana, kuma in aka bar su a waje ni ban ga amfanin a ce na yanki bane. Ɗauki allon zayyana ka duba da kyau, yadda malam ke raba fuskar allon gida-gida ba tare da rula ba, ja da ɗorawa da kore da baƙin tawada kowanne a mazauninsa, layi bai hau layi ba. Ko baduku da ke yanka jar fata siri-siri ya ɗora ta kan kore ya fidda dagi a jikin jaka. Ko macen da ke saƙa faifai tana canza launi a ka ba tare da ta zana komai a takarda ba. Wannan duk ido ne da lissafi, irin wanda ake koyarwa a aji. Ladi Kwali tukwane take ginawa irin na gargajiyar Gwari kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, ga hotonta nan a bayan naira ashirin.

Sai dai a yi adalci wajen hukunci, a raba rukuni, kada a ajiye hula kusa da zanen fenti a ce wanne ya fi. Kuma cikin alƙalan a sa wanda ya san sana'ar hannu, tsohon baduku ko maɗinki, don shi zai juya hula ya duba cikinta ya gaya maka ta hannu ce ko ta keke. Sannan yawancin waɗannan mutanen ba za su cika fom a intanet ba, sai an bi su har rumfa da cikin gida an ɗauki hoton aikin an rubuta musu.

Ya maganar zana mai rai?

Malamai sun yi bayani a kai kuma akwai masu ƙyamar abun saboda addini, wannan kowa ya koma wurin malaminsa. Abinda ya shafi masu shiryawa shine su faɗi matsayarsu a sanarwa tun farko, kada mutum ya kwana yana aiki ya kawo a ce ba a karɓar fuska. Wanda ba ya zana mai rai kuma fili a buɗe yake, rubutun larabci, gine-gine, ganuwa, gona da damina, zanen bangon soro.

In ba a ɗauki aikina ba, ke nan ban iya ba?

A'a. Alƙali mutum ne, yana da abinda ransa ke so, kuma bango yana da iyaka. A 1863 alƙalan babban baje kolin Paris sun yi watsi da ayyuka da yawa har ƙorafi ya kai ga sarki Napoleon na uku, ya ba da umarni a buɗe wani wuri daban a rataya waɗanda aka ƙi, cikinsu har da zanen Manet, mai zane ɗan Faransa, wanda yau ake karantar da shi a makarantu. Amma kada kowa ya fake da wannan, wani lokacin aikin ne da saura. Shi yasa nake roƙon masu shiryawa su sa alƙalai su rubuta ko layi biyu ne ga duk wanda bai shiga ba, ko a ware yamma ɗaya a zauna da su, yaro ya ji daga bakin wanda ya fi shi cewa hannun da ya zana ya fi kan mutumin girma, ya tafi ya gyara.

Ana biyan kuɗi? Kuma in an sayi aikin wa ke ɗauka?

Wurare da yawa suna karɓar ɗan kuɗin shiga don biyan alƙalai da wuta da buga takardu, kuma ba a mayarwa ko ba a ɗauke ka ba, ka san da wannan. A zauren al'umma ya kamata ya zama kaɗan, ɗalibai ma a yafe musu. In an sayi aiki kai ke sa farashi, zauren ya cire kason da kuka yi yarjejeniya, kuma a rubuta kason a takarda kafin a rataya, ba bayan mai saye ya biya ba.

To ya zan shirya nawa?

Hoton da ka tura shi alƙali zai gani, ba aikin ba, nan mutane da yawa ke faɗuwa. Fito da shi waje da safe ka jingina a inuwa, ka goge kyamarar wayar, ka tsaya daidai gabansa kada ya karkace, banda filashi, banda ƙafarka ko tabarma a cikin hoton. Rubuta tsawo da faɗi da santimita, da abinda ka yi shi da shi, da shekara. In gawayi ne ko fensir ka sa masa gilashi, don ƙurar hunturun Katsina da yatsun masu kallo za su gama da shi cikin kwana kaɗan. Ka ɗaura wayar ƙarfe mai ƙarfi a bayan firam, kada ka kawo fenti bai bushe ba, in a Keke Napep za ka ɗauko ka naɗe kusurwoyin da kwali. Ranar da ka miƙa kuma ka karɓi takarda mai sa hannu wadda ta faɗi halin da aikin yake ciki, da ranar da za ka zo ɗauka, da wanda zai biya in ya lalace a hannunsu.