Tsarin kasuwancin banki da bashin da ya maƙale

Bashin da ya maƙale shi ne rancen da wanda ya ci ya daina biya, ko uwar kuɗin ko ruwanta. A ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya gindaya wa bankunan kasuwanci, bashi yana shiga wannan sahu idan ya kwana 90 ba a biya ba. In ya kai kwana 180 sai a sa shi cikin abin shakka, in ya kai 360 a lissafa shi asara. Ba a son irin wannan bashi ya wuce kashi 5 cikin 100 na duk rancen da banki ya bayar.

Banki yana karyewa ne idan asara ta cinye jarin masu shi ta fara taɓa kuɗin masu ajiya. A misali, bankin da ya bayar da rancen naira 100, 90 na masu ajiya ne, 10 kacal nasa, to naira 10 ta salwanta jari ya ƙare. Wannan daban yake da ƙarancin tsabar kuɗi, inda dukiyar tana nan amma tana hannun mutane, ko da yake ɗaya kan jawo ɗaya da zarar jita-jita ta shiga gari.

Inda banki yake samo kuɗi da inda yake zuba su, su ne ke nuna yadda bashi zai yi masa illa. Babban bankin kasuwanci yana tara ajiya daga ko'ina, yana kuma cin riba daga takardun lamunin gwamnati da cajin hada-hada, don haka yana da kafar da zai toshe asara. Inda yake faɗawa rami shi ne tara bashi mai yawa a hannun mutane kaɗan. Haka aka gani a 2009, lokacin da rancen sayen hannun jari da na harkar man fetur ya ruɓe, har CBN a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin wasu bankuna, ya zuba musu kimanin naira biliyan 620. A 2010 aka kafa hukumar gwamnati mai suna AMCON domin ta saye ruɓaɓɓun basussukan.

Ƙaramin bankin da ke ƙauyukan Kano da Jigawa matsalarsa wata ce. Masu cin bashinsa suna da yawa, kowa ɗan kaɗan, abin da a takarda ya yi kama da rarraba haɗari. Amma duk sana'a ɗaya suke dogaro da ita, wato noma. Idan ya ba masu shinkafa a fadamar Haɗeja da Auyo kuɗin taki da iri, kogi ya yi ambaliya kamar ta 2022, duk rana ɗaya za su kasa biya. Haka in farashin tumatir ya faɗi a Kadawa lokacin da kwanduna suka cika bakin titi. Masu ajiyar ma makwabtansu ne, kuma a daidai wannan lokaci suke zuwa cire kuɗi don sayen abinci. Jingina ba ta cika fitar da banki ba, domin yawancin gonakin gado ne marasa takardar mallaka, kuma da wuya a samu wanda zai sayi gonar ɗan'uwansa da banki ya ƙwace. Shi ya sa irin waɗannan bankuna suka fi son bashin ƙungiya, inda mambobi ke tsaya wa juna, ko su karkata ga ma'aikata masu albashi.

Bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, shi ma bai tsira daga bashin da ya maƙale ba: a cinikin murabaha yakan sayi kaya ya sayar da riba a biya daga baya, mai saye kuwa yana iya gazawa.

Tun 1977 akwai asusun gwamnati da ke lamunce wa bankuna har kashi 75 cikin 100 na bashin noma da ya maƙale. Idan kuma banki ya rufe, hukumar inshorar ajiya, NDIC, wadda aka kafa a 1988, ita ke biyan masu ajiya. Daga 2024 iyakar abin da take lamuncewa ya zama naira miliyan 5 a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙaramin banki.