Waiwaye: yadda hayaƙin salansa ya taɓa riƙe motar Formula 1 a ƙasa

Wata ranar Lahadi muna kallon tseren Formula 1 a fadarmu, a nan Yamai, shayi na biyu yana kan wuta, sai wani yaro mai koyon walda a kasuwar Katako ya nuna bayan motar da aka hasko ya ce mini: "Yaya, mota mai ƙarfi haka, salansarta ɗaya ce tak, kuma can sama a tsakiya?" Na ce masa ba masu ƙera motar ne suka zaɓi wurin ba, doka ce ta kai ta can. Kafin a kai ga wannan doka an shekara talatin ana ja-in-ja a kan hayaƙi.

Sai an fara da iska kafin a gane zancen. Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota a kan hanyar Dosso ya san iska tana da ƙarfi: ka karkata tafin sama ta ɗaga shi, ka karkata ƙasa ta danne shi. Motar tsere dannewar take nema, domin taya ya kama kwalta a kwana. A 1968 Ferrari da Brabham da Lotus suka fara ɗora wa motocinsu fukafukai irin na jirgin sama, amma a kife. Aka yi ta ɗaga su a kan siraran sanduna har 1969, lokacin da na Graham Hill da Jochen Rindt suka karye a Barcelona, motocin biyu suka ragargaje. Daga nan aka hana dogayen fukafukai.

Sai hankali ya koma ƙarƙashin mota. Colin Chapman da injiniyoyinsa na Lotus sun gano cewa idan aka matse iskar da ke bi ta ƙasa ta ƙara gudu, ƙarfin turinta yana raguwa, motar ta manne da hanya kamar ana tsotsonta. Da Lotus 79 Mario Andretti ya ci kambun duniya a 1978. A shekarar ce Gordon Murray ya dasa wa Brabham ƙatuwar fanka a baya, Niki Lauda ya ci tseren Suwidin da ita, aka janye ta bayan wannan tsere guda. Gudu a kwana ya kai inda ya fara ba da tsoro, don haka a 1983 hukumar tseren ta ce ƙarƙashin mota ya zama shimfiɗaɗɗe. Abin da ya rage shi ne ɗan gangaren da ke tashi sama a can baya, wanda ke buɗe wa iskar ƙasa hanya ta fita. Mu kira shi mazurarin baya.

Nan salansa ta shigo. A wannan shekara ta 1983 Renault ta juya bakin salansarta cikin mazurarin, hayaƙi mai zafi da gudu yana jan iskar ƙasa tare da shi. Dabara ce mai kyau, amma da illa babba. Hayaƙi yana fita ne in direba ya taka totur. A bakin kwana, inda ya fi bukatar motar ta kama ƙasa, nan ne yake ɗaga ƙafa ya taka birki, sai dannewar ta ɓace, baya ya fara rawa. Shi ya sa a 1998 Ferrari ta maida salansa tana fita ta saman jikin mota, sauran ma suka bi.

An ɗauka zancen ya mutu, sai Adrian Newey na Red Bull ya tono shi a 2010. Ya sauko da salansa ƙasa ƙasa, kusa da tayar baya, hayaƙin ya zama kamar labule tsakanin mazurarin da hargitsattsiyar iskar da taya ke fesowa. Tsohuwar illar kuwa, injiniyoyin Renault, masu ƙera wa Red Bull inji, suka magance ta da kwamfuta: ko direba ya ɗaga ƙafa, ƙofar iskar inji tana nan a buɗe, wani lokaci har a zuba mai a jinkirta tartsatsi, ya ƙone a cikin bututun. Wanda ya kalli tseren 2011 zai tuna ƙarar, motoci suna shiga kwana suna fat-fat-fat kamar kabu-kabun da aka fasa wa salansa. Sebastian Vettel, direban Red Bull, ya ci tsere 11 cikin 19 a shekarar.

Ni a ganina ba a taɓa yin dabarar da ta kai wannan kyau a tseren mota ba. Abin da kowa ke ɗauka shara ne, shi aka sa aiki, kuma duk wanda ya ga yadda ake mayar da tsohon ƙarfe tukunya a Katako zai fahimci irin wannan kai. Amma ba na musun tsadarta. Ana ƙona mai don iska kawai, kuma zafin da ya doshi digiri 1000 yana lasar jikin mota. Ƙungiyar Lotus Renault har gaba ta juyo da bakin salansarta a 2011, motar Nick Heidfeld ta kama wuta a Hangari. A tseren Silverstone na Ingila an yi ta rigima kan nawa za a bari a hura, aka kafa doka, aka warware ta bayan tseren.

A 2012 aka tilasta salansa ta koma sama, tana kallon baya. Injiniyoyi ba su haƙura ba. Na ɗauki cokali na sa bayansa a ƙarƙashin ruwan buta, na nuna wa yaron yadda ruwan ke lanƙwasa yana bin jikin cokalin maimakon ya zuba kai tsaye. Iska ma haka take yi, kuma da sunan Henri Coanda, injiniya ɗan Romaniya, ake kiran wannan hali. Da shi suka sassaƙa gefen mota yadda hayaƙin zai zamo ya gangaro daidai inda aka kore shi. Vettel ya ƙara kambu biyu, ya cika huɗu a jere a 2013.

Abin da ya rufe ƙofar shi ne sabon injin 2014, mai lita 1.6 da silinda shida da turbo da taimakon lantarki. Turbo yana shanye yawancin ƙarfin hayaƙi kafin ya fito, doka kuma ta ce bututu ɗaya ne, a tsakiya, can bayan tayoyi, nesa da mazurari. A 2022 an dawo da ramukan iska na ƙarƙashi irin na zamanin Chapman, har motoci suka riƙa tsalle a miƙaƙƙiyar hanya, amma salansa ba ta motsa daga wurinta ba.

Yaron ya karɓi cokalin daga hannuna, ya ce wa mai shayi: "Malam, ƙaro mini ruwa a butar nan, in gwada da kaina."