Shin Jirgi Mai Araha Ya Fi Ɓata Lokaci?

An daɗe ana cewa tikitin jirgin sama mai araha yana tare da jinkiri da soke tafiya. Ba arahar ke jawo su ba. Kamfanonin nan suna rage kuɗi ne ta amfani da jirgi iri ɗaya, da cajin jaka da abinci daban. Hazon hunturu kuwa, idan ya rufe Kano, kowane jirgi jira yake.

Inda maganar ke da ƙamshin gaskiya: jirginsu ɗaya kan yi sawu da yawa a yini, hutunsa a ƙasa gajere ne, don haka lattin safe yakan taru har dare. Tashin asuba ya fi tabbas.

Kafin ku saya, ku sa lambar tafiyar a shafukan bibiyar jirage na intanet, ku ga lokutan tashinta a kwanakin baya. Don Allah a tura wa matafiya.